Tarihin Labaran Soyayyar Tsofaffin Sojoji Maza a Adabin Amurka da Birtaniya

A cikin littattafan soyayya da ake rubutawa da Turanci akwai wani reshe da ke ba da labarin maza biyu, ɗaya ko dukansu tsofaffin sojoji, waɗanda suka fara da abota kafin abin ya rikiɗe ya zama so. A yau ana sayar da irinsu birjik a intanet, galibi a Amurka, kuma mai karatu ya san tun kafin ya buɗe shafin farko cewa za a ƙare lafiya. Ba haka aka faro ba. Shekaru aru-aru dokar bariki da dokar gidan waya da tsoron masu ɗab'i su ne ke yanke yadda irin wannan labari zai ƙare, don haka tarihin reshen yana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da tarihin waɗannan dokoki.

Masana kan fara lissafi daga Walt Whitman, marubucin waƙoƙi ɗan Amurka. A bugun 1860 na littafinsa Leaves of Grass ya sanya jerin waƙoƙi masu suna Calamus, inda ya yaba ƙaunar da ke tsakanin abokai maza. Da yaƙin basasar Amurka ya yi tsanani, sai ya tare a Washington daga ƙarshen 1862, yana zagaya asibitocin soja, yana rubuta wa masu rauni wasiƙun gida, yana zama kusa da waɗanda ajali ya matso. Daga nan littafin Drum-Taps na 1865 ya fito. Abokin da ya fi shaƙuwa da shi bayan yaƙin, Peter Doyle, tsohon soja ne na rundunar Kudu, wanda ya koma aikin kwandasta a taragon cikin gari. Whitman bai ambaci abin da sunansa ba. Ya tsaya kan kalmar abota, wadda ita kaɗai ce kusancin da jama'ar lokacin suka yarda da shi tsakanin maza, musamman a fagen fama, inda ba wanda zai zargi sojan da ya rungume ɗan'uwansa mai zubar da jini. Marubutan da suka biyo baya sun daɗe suna fakewa a wannan inuwa.

A Ingila, ɗaurin shekara biyu da aiki mai tsanani da aka yi wa Oscar Wilde a 1895 ya sa kowa ya kama bakinsa. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya haɗa Siegfried Sassoon da Wilfred Owen a asibitin Craiglockhart da ke Edinburgh a 1917, inda ake jinyar hafsoshin da rugugin yaƙi ya taɓa musu hankali. Sassoon ya duba waƙoƙin Owen, ya gyara masa, kuma wasiƙun Owen sun nuna irin ƙaunar da yake yi masa. An kashe Owen ranar 4 ga Nuwamba, 1918, saura mako guda a tsagaita wuta. A wannan shekarar aka gurfanar da maɗaba'ar C. W. Daniel a kotu saboda littafin Despised and Rejected na Rose Allatini, wanda ya haɗa ƙin yaƙi da neman jinsi ɗaya. Aka ci tarar mai maɗaba'ar, aka ƙwace sauran kwafin. E. M. Forster kuwa ya kammala Maurice a 1914, ya dage cewa masoyansa biyu za su ƙare tare, sannan ya ɓoye rubutun. Sai a 1971 aka buga shi, shekara guda bayan rasuwarsa.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ne ainihin mafarin reshen. Amurkawa kimanin miliyan 16 ne suka sa kaki, aka kwaso samari daga ƙauyuka da ƙananan garuruwa aka zuba su a bariki da jiragen ruwa, inda da yawa suka gane a karon farko cewa ba su kaɗai ba ne. A daidai lokacin ne rundunar ta fara tantance masu shiga da taimakon likitocin ƙwaƙwalwa. Wanda aka kama da neman maza, sau da yawa akan sallame shi da wata takarda mai launin shuɗi, wadda ba ta girmamawa ba ce, ba kuma ta hukuncin kotun soja ba. Amma duk mai ɗaukar ma'aikata ya san ma'anarta, kuma hukumar tsofaffin sojoji takan hana mai ita tallafin karatu da rancen gida da dokar 1944 ta tanada. Masanin tarihi Allan Bérubé, a littafinsa Coming Out Under Fire na 1990, ya kawo adadin waɗanda aka sallama kan wannan dalili a lokacin yaƙin zuwa kimanin 9,000. Wasu tsofaffin sojoji irin waɗannan suka kafa ƙungiyar Veterans Benevolent Association a New York a 1945.

Waɗanda suka dawo daga wannan yaƙi su ne suka rubuta littattafan farko da suka fito fili, kuma kusan duk jini ne ya rufe su. A The Brick Foxhole na Richard Brooks, 1945, soja ne ya kashe wani mai neman maza. Da aka mayar da shi fim mai suna Crossfire a 1947, sai aka sauya mamacin ya zama Bayahude, domin ƙa'idar tace finafinai ba ta yarda a taɓo ainihin zancen ba. John Horne Burns ya keɓe babi guda a The Gallery, 1947, ga wata mashaya a birnin Naples na Italiya inda irin waɗannan sojoji ke taruwa. Gore Vidal ya fitar da The City and the Pillar a 1948, labarin Jim da Bob, abokan ƙuruciya daga Virginia, wanda a bugun farko ya ƙare da Jim ya kashe Bob. A Quatrefoil na James Barr, 1950, hafsoshin sojan ruwa biyu sun so juna, sai haɗarin jirgin sama ya ɗauke ɗaya. Wannan yawan mutuwa ba ra'ayin marubuta kaɗai ba ne. Dokar Comstock ta 1873 ta ba gidan waya ikon tsare duk abin da ya ɗauka batsa ne, kuma masu ɗab'i sun lura cewa labarin da ya ƙare da azaba ya fi samun hanyar wucewa.

Littafin da ya karya wannan al'ada, wanda kuma ya cancanci a kira shi kakan reshen, shi ne The Charioteer na Mary Renault, da ya fito a Landan a 1953. Renault ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ɗawainiyar sojojin da aka kwaso daga Dunkirk a 1940, kuma sanin asibiti ya bayyana a kowane shafi. Jaruminta, Laurie Odell, yana kwance da gwiwa a farfashe, ana yi masa tiyata bayan tiyata, yana koyon tafiya da takalmi na musamman. Zuciyarsa ta rabu biyu tsakanin Andrew, matashin da ya ƙi ɗaukar makami saboda aƙidarsa ta Quaker aka turo shi hidimar majinyata, da Ralph, hafsan sojan ruwa da ya rasa wasu yatsunsa, wanda Laurie ya sani tun suna makaranta. Ƙarfin littafin shi ne haƙurinsa. Hira ce a ɗakin wanke kwanuka da dare, da aron littafi, da shiru mai tsawo, har mai karatu ya ga yadda amana ke girma kafin a ba ta wani suna. Ba wanda ya mutu don a wanke zunubinsa. Masu ɗab'in Amurka sun ja ƙafa har 1959 kafin su buga shi, shekara guda bayan Kotun Ƙolin ƙasar ta ba mujallar ONE ta masu neman jinsi ɗaya gaskiya a kan gidan waya.

Bayan wannan hukunci na 1958 sai littattafai masu araha suka cika kantunan jarida, yawancinsu da hoton matuƙin jirgin ruwa ko soja a bango, kuma kaɗan ne daga ciki suka wuce zamaninsu. Dokar bariki dai ba ta motsa ba. Dokar Ingila ta 1967 da ta cire hukunci a kan manya masu yardar juna ta ware sojoji a gefe. A Amurka, Saje Leonard Matlovich na sojan sama, wanda ya je Biyetnam sau uku ya dawo da lambobin yabo, ya bayyana kansa da gangan domin a gwada dokar. Hotonsa ya hau bangon mujallar Time a Satumba 1975, aka kuma sallame shi. A 1993 gwamnatin Bill Clinton ta kawo tsarin nan na kada a tambaya, kada a faɗa, wanda a ƙarƙashinsa aka kori fiye da sojoji 13,000. Birtaniya ta ɗage nata haramcin a Janairu 2000, bayan Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta yanke hukunci a kanta a 1999. Amurka sai ranar 20 ga Satumba, 2011.

Wannan shi ne dalilin da ya sa tsohon soja, ba wanda ke bakin aiki ba, ya zama jarumin da reshen ya fi so. A zamanin haramcin, mai kaki ba shi da bakin magana. Wanda ya ajiye shi ne ke iya waiwayar abokin da suka kwana rami ɗaya ya tambayi kansa mene ne ke tsakaninsu.

Siffar da reshen ke da ita a yau ta fito ne daga wata hanya dabam. Tun shekarun 1970 wasu mata masu kallon shirin talabijin na Star Trek suke rubuta labaran da ke mayar da abotar jarumansa Kirk da Spock soyayya, suna bugawa a ƙananan mujallu na hannu. Intanet ya faɗaɗa wannan al'ada, sannan na'urar Kindle da Amazon ta fitar a 2007 ta ba mutum damar saye da karantawa ba tare da kowa ya ga bango ba. Ƙananan maɗaba'u irin su Dreamspinner Press da Riptide suka taso, kamfanin Harlequin ma ya buɗe Carina Press a 2010. Suzanne Brockmann, wadda ta yi suna da labaran zaratan sojan ruwa, ta ɗaura wa wasu maza biyu aure a All Through the Night a 2007, a jihar Massachusetts da ta halatta hakan tun 2004. Sharaɗin kasuwar littattafan soyayya, wato dole a ƙare cikin farin ciki, ya hau kan wannan reshe kamar sauran. Mata ne suka fi yawa cikin marubuta da masu karatu, abin da har yau ake muhawara a kansa tsakaninsu da marubuta maza masu neman jinsi ɗaya.

Yaƙe-yaƙen Afganistan da Iraƙi sun ba reshen kayan aikinsa na yanzu: ƙafar roba, kunnen da ya daina ji, mafarkin firgita, kwalbar magani, dogon layi a asibitin tsofaffin sojoji, da abokin da ya ba da ɗaki don a kwana biyu. Inda marubuci ya san abin da yake yi, raunin yakan zauna har ƙarshen littafi, a koyi zama da shi. Da yawa kuwa sukan bar soyayya ta warkar da ciwon da a zahiri sai an yi shekaru ana jinya, kuma wannan rashin adalci ne ga masu fama da shi. Babban giɓin shi ne mutanen ƙasashen da aka yi yaƙin a cikinsu, waɗanda da wuya a ji ko sunan ɗaya daga cikinsu.

Wani ɓangaren marubutan ya koma baya, yana ba sojojin da suka shuɗe ƙarshen da zamaninsu ya hana. Pat Barker ta sake gina haɗuwar Sassoon da Owen a Regeneration, 1991, Alice Winn kuma ta bi abokan makaranta biyu zuwa ramukan yaƙi na Faransa da Beljiyam a In Memoriam, 2023. A Yulin 2023 Firayim Minista Rishi Sunak ya nemi afuwar tsofaffin sojojin Birtaniya da aka kora a ƙarƙashin haramcin, a Yunin 2024 kuma Shugaba Joe Biden ya yi afuwa ga waɗanda kotunan sojan Amurka suka hukunta a ƙarƙashin tsohon sashe na 125 na dokar soja kan abin da ya gudana da yardar juna.