Daga Hakimi Zuwa Ciyaman: Tarihin Zaɓe da Riƙon Majalisar Karaye

Tudun Kaya ɗaya ce daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Karaye, a yammacin Jihar Kano. Duk lokacin da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, mutanenta sukan fitar da kansila guda, su kuma haɗu da na Turawa da Kurugu da Yammedi da sauran mazaɓu su zaɓi ciyaman. Haka abin yake a takarda. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin wannan majalisa, da ta maƙwabciyarta Rogo, domin a ga a hannun wa ragamarsu take tun daga zamanin En'e. Ra'ayinmu shi ne, sunayen masu riƙo sun sha sauyawa, amma wurin da ake yanke shawarar wanda zai riƙe bai taɓa barin birnin Kano ba.

Karaye tsohon gari ne mai sarautar kansa, kuma sunansa ya fito a littafin tarihin sarakunan Kano, wajen labarin yaƙe-yaƙen Kanawa da Katsinawa. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, suka rarraba ƙasar gunduma-gunduma, suka tilasta wa hakimai barin birni su tare a ƙasashensu. Sarkin Karaye, kamar takwarorinsa na Rano da Gaya da Dutse, dama a garinsa yake zaune, saboda haka sai ya zama hakimin Gundumar Karaye, dagatai da masu unguwanni suna ƙarƙashinsa. Muhimmin aikin wannan tsani shi ne tara haraji da jangali. Kuɗi yakan tashi daga hannun manomi ya bi ta mai unguwa da dagaci da hakimi har ya isa Baitulmalin Kano, daga can kuma a yanka abin da za a mayar wa gunduma. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan hanya ta kuɗi a zuciyarsa, domin za mu sake komowa kanta.

Maganar zaɓe ba ta shigo ba sai a shekarun 1950. A watan Agusta na 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, a wannan watan ne kuma Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudurinsa a Majalisar Arewa yana neman a gyara tsarin En'e. Dokar En'e ta 1954 ta ba da damar kafa majalisun gundumomi da na ƙauyuka, waɗanda ake zaɓen wasu daga cikin wakilansu. Sai dai hakimi ne shugaban majalisar gunduma, 'yan doka da kotun alƙali da gidan yari kuwa duk na En'e ne, ita kuma En'e kowa ya san ta karkata ga NPC. Ke nan ɗan NEPU da ya tsaya takara a karkara ba da abokin hamayyarsa kaɗai yake ja ba, har da mutumin da zai yanka masa haraji da wanda zai yi masa shari'a.

Gyaran 1976, na zamanin Janar Obasanjo, shi ne ya raba hakimi da ikon zartarwa. Aka mai da ƙaramar hukuma mataki na uku na gwamnati, mai majalisarta da kasonta daga asusun tarayya, sarakuna kuma aka bar su da ba da shawara. Jihar Kano ta wancan lokaci, wadda ta haɗa da Jigawa ta yau, an kasa ta ƙananan hukumomi 20. Babu Karaye a cikinsu. Gwarzo aka haɗa ta da ita. Sai a zamanin Janar Babangida ta sami tata hukumar, sannan a 1996, zamanin Janar Abacha, aka cire Rogo daga jikinta, adadin ƙananan hukumomin Kano ya cika 44. Abin lura, a ƙidayar 2006 'yar ta fi uwar jama'a: Rogo kimanin 228,000, Karaye kimanin 141,000.

A Jamhuriya ta Biyu ne aka yi wani abu da masu nazari ba su cika haɗa shi da tarihin ƙananan hukumomi ba. Da Muhammadu Abubakar Rimi na PRP ya hau gwamna a 1979, ya soke haraji da jangali. Talakawa sun yi murna, kuma suna da hujja, domin wannan haraji ya daɗe yana zama bulalar dukan marar ƙarfi da ɗan adawa. To amma daga nan hanyar kuɗin nan da muka ambata ta juya. A da daga ƙasa yake hawa, yanzu daga sama yake saukowa. Majalisar da ba ta dogara da aljihun manomin Tudun Kaya ba, ba lalle ne ta ji tsoron fushinsa ba. Idonta yana kan mai sakin kuɗi. Bugu da ƙari, duk tsawon wannan jamhuriya, daga 1979 zuwa 1983, ba a yi zaɓen ƙananan hukumomi ba. Gwamnoni, na ra'ayin sauyi da na ra'ayin riƙau baki ɗaya, kwamitocin riƙo suka naɗa. Ita ma sarautar Karaye ba ta tsira daga siyasar lokacin ba: tana cikin waɗanda Rimi ya ɗaukaka zuwa matsayin masarauta, Sabo Bakin Zuwo ya mayar da su yadda suke a 1983.

Abin mamaki, sojojin da suka biyo baya sun sha kiran wannan zaɓe. An yi na Disamba 1987 ba tare da jam'iyyu ba. An yi na Disamba 1990 tsakanin SDP da NRC, inda masu zaɓe suka yi layi a fili ana ƙirga su. An yi na 1996 da na 1997 a ƙarƙashin Abacha. Sannan na 5 ga Disamba 1998, wanda hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ta gudanar, kuma da sakamakonsa aka tantance jam'iyyun da suka shiga zaɓen 1999, wato PDP da APP da AD.

Tsarin mulkin 1999 ya ba da da hannun dama ya karɓe da na hagu. Sashe na 7 ya tabbatar da cewa zaɓaɓɓun majalisu ne za su riƙe ƙananan hukumomi. Amma sashe na 197 ya danƙa shirya zaɓen ga hukumar zaɓe ta jiha, wadda gwamna ke naɗa mambobinta (a Kano ita ce KANSIEC), sashe na 162 kuma ya ce kason ƙananan hukumomi ya biyo ta asusun haɗin gwiwa na jiha. Wato akwatin ƙuri'a da lalitar kuɗi duka sun koma hannu ɗaya.

Sakamakon bai ɓuya ba. A zaɓukan 2004 da 2007, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, jam'iyyarsa ta ANPP ce ta kwashe mafi yawan kujeru, na 2007 ɗin kuwa har da asarar rayuka. Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ya dawo mulki a 2011, bai kira zaɓe ba sai Mayu 2014, bayan ya koma APC, APC ɗin kuma ta cinye duka 44. Haka ta sake yi a Fabrairu 2018 da Janairu 2021, zamanin Dokta Abdullahi Umar Ganduje; na 2018 ne aka yi ta ce-ce-ku-ce a kansa saboda hotunan da suka bazu na yara ƙanana riƙe da takardun ƙuri'a. A 26 ga Oktoba 2024, zamanin Injiniya Abba Kabir Yusuf, aka bayyana NNPP a matsayin wadda ta ci shugabanni 44 da kansiloli 484, ba a bar ko kujera ɗaya ba. Saboda haka ba sai an je sakatariyar Karaye ko ta Rogo an binciki fayil ba kafin a san jam'iyyar da ta riƙe su daga 2014: APC sau uku, NNPP sau ɗaya, kowane karo jam'iyyar gwamna mai ci.

Wani zai iya cewa ai mutanen wannan yanki ne ke son bin gwamnati. Zaɓen 2023 ya raunana wannan hujja. A lokacin APC ce ke riƙe da gidan gwamnati da majalisun Karaye da Rogo, amma a zaɓen da INEC ta shirya, kujerar Majalisar Wakilai ta mazaɓar Karaye da Rogo NNPP ce ta ɗauke ta. Masu zaɓen dai su ne, rumfunan ma su ne. Mai ƙirga ƙuri'ar ne ya bambanta.

A 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta wa gwamnoni naɗa kwamitocin riƙo a madadin zaɓaɓɓun majalisu. Hukuncin ya taɓa lalita, bai taɓa akwati ba, domin sashe na 197 yana nan yadda yake. A cikin wannan watan ne kuma gwamnatin Kano ta sake kafa Masarautar Karaye, wadda Ganduje ya ƙirƙiro a 2019 aka rushe ta a Mayu 2024. A wannan karo mai daraja ta biyu aka yi ta, ƙasarta ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, aka kuma naɗa Alhaji Muhammad Maharaz, wanda kafin nan shi ne Hakimin Rogo, ya zama sarkinta. Wata uku bayan haka KANSIEC ta sanar da sunan kansilan Tudun Kaya, ɗaya daga cikin 484 na jam'iyya guda.