Man Kaɗe da Gashin da Ke Ƙin Ruwa: Tarihi Daga Iyakar Bagudo

Akwai gashin da idan aka zuba masa ruwa sai ɗigon ya tsaya a kai yana ƙyalli, ya daɗe kafin ya jiƙa, idan kuma ya jiƙa ya daɗe kafin ya bushe. Mai irin wannan gashi takan shafa mai safe da yamma, ɗankwalinta ya yi maiƙo, amma ranar tsifa ta tarar da gashin a bushe yana karyewa a bakin mataji. Masu gyaran gashi a intanet sun yi masa suna da Turanci, wanda ma'anarsa ita ce gashi mai ƙarancin kafar shigar ruwa, kuma da yawansu sun ɗora laifin bushewarsa a kan man kaɗe. Wannan tuhuma ta taɓa abin da matan Zagga, Kaoje, Illo da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi suka gāda suna haɗawa, don haka ta cancanci a bi diddiginta.

Abin da ke faruwa a silin gashi

Kowane silin gashi yana lulluɓe da siraran ɓawo masu hawa kan juna kamar ɓawon kifi. Idan ɓawon ya kwanta sosai, ruwa yakan sha wahalar shiga. Idan rana, zafin na'ura ko man miƙar da gashi suka ɗaga shi, ruwa ya shiga da sauri ya fita da sauri. Ke nan gashin da ke ƙin ruwa sau da yawa lafiyayye ne, ba a lalata ɓawonsa ba.

Ruwa ne ke tausasa gashi. Aikin mai shi ne ya rage saurin tsiyayewar ruwan da ya riga ya shiga, ya kuma sa silin gashi su zame wa juna kada su sarƙe. Man kaɗen Afirka ta Yamma yana da kauri domin yawan kitse mai daskarewa da ke cikinsa, ba kamar na Yuganda da Sudan ta Kudu ba, wanda ya fi laushi. Idan aka lafta shi a kan busasshen gashi mai kwantaccen ɓawo, sai ya zauna a waje, ya tara ƙura, ya kuma tare ruwan da za a zuba gobe.

Itacen da ya girmi iyaka

Masu binciken kufai a Kirikongo, yammacin Burkina Faso, sun wallafa a 2016 cewa mutanen wurin suna sarrafa ƙwarar kaɗanya tun wajen shekara ta 100 miladiyya. Mungo Park, wanda ya ga itacen a ƙasar Bambara a 1796, ya rubuta a littafinsa na 1799 cewa man yakan shekara bai lalace ba ko da ba gishiri, kuma ya fi masa man shanu daɗi. Masana tsirrai sun daɗe suna kiran itacen da sunan da ke ɗauke da nasa. A tafiyarsa ta biyu ya gangaro kogin Kwara a jirgin ruwa, ya ratsa yankin da yake Bagudo a yau, ya tsaya Yawuri, ya halaka a Busa a 1806.

A ƙarni na 19 ayarin fataken Hausa masu zuwa Gwanja sayen goro sukan ƙetare Kwara ta wannan sashe, su bi ƙasar Bargu zuwa Nikki da Jugu har Salaga. Illo na cikin zangunan da suka shahara. Duk tsawon hanyar dajin kaɗanya ne, kuma man da ake samu a kasuwanninta shi ne na miya, na fitila, na shafa wa jariri, na ciwon jiki, na kuma kitso. Turawa sun zo sun yi tseren mallakar Bargu, Lugard ya riga Faransawa isa Nikki a 1894, sannan yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 14 ga Yuni 1898 ta raba ƙasar: Illo da Busa suka faɗo wa Ingila, Nikki ta tafi Dahomey, wadda ta koma Benin a 1975. Layin ya raba masarauta, amma Dandawa, Fulani, Kyangawa da Hausawan ɓangarorin biyu sun ci gaba da cin kasuwa ɗaya da kitso iri ɗaya.

Mai mai tsada, hannu mai tsantseni

Kaɗanya ba ta fara 'ya'ya sosai sai ta kai shekara 15 zuwa 20, kuma galibi ba shuka ta ake yi ba, manomi ne ke barin ta tsaye idan yana sharar gona. 'Ya'yan sukan zubo da faɗuwar damina. Mata su tsinto, su cire naman, su dafa ƙwarar, su shanya, su fasa, su daka, su soya, su niƙa, sannan su yi ta bugun ƙullun da ruwa har farin kitse ya taso, a kwashe a tafasa. Aikin kwanaki ne, da itacen wuta da ruwa masu yawa.

Man da aka samu da irin wannan wahala, wanda tukunyar miya ma take jira, ba a wasa da shi. Makitsiya takan lakato kaɗan, ta murza a tafin hannu har ɗumin jiki ya narkar da shi, ta bi tsaga da shi. Kafin nan an tsefe kai, an wanke, sau da yawa da karkashi, wanda idan aka jiƙa busasshen ganyensa a ruwan ɗumi yake ba da yauƙin da ke warware gashi ba tare da tsinkewa ba. Daga nan kitso ya rufe gashin makonni, ɗankwali ya kare shi daga iskar hunturu. Matan Fulani makiyaya sun bi tsari makamancin haka da man shanu. Ruwa ne farko, mai kaɗan a bayansa, kitso a ƙarshe.

Lokacin da mai ya yi arha

A 1872 Robert Chesebrough ya yi wa Vaseline rajista a Amurka. Kantunan zamanin mulkin mallaka suka yaɗa man da ake tacewa daga fetur, har basilin ya zama kalmar Hausa. Ba ya tsami, ba ya warin hayaƙi, kuma yana da arha, saboda haka shafa mai kullum a kan gashin da ba a jiƙa ba ya zama al'ada. Man miƙar da gashi ya biyo baya, mai ɗauke da sinadari mai kaifi da ke buɗe ɓawon gashi da ƙarfi. Gashin da aka miƙar yana shanye duk abin da aka ba shi, sai matan birni suka saba da lafta mai.

Daga shekarun 2000, baƙaƙen matan Amurka da yawa suka bar man miƙarwa suka koma gashinsu na asali, YouTube da Instagram suka kawo salon Najeriya. Wadda ta daina miƙarwa sai ta sami sabon gashi mai kwantaccen ɓawo, ta ci gaba da shafa masa mai gwargwadon yadda ta saba, ta ga bai yi laushi ba. A nan aka fara zargin man kaɗe.

Shawarar da ake ba mai irin wannan gashi a yau ita ce ta wanke tsohon maiƙo tas, ta yi amfani da ruwan ɗumi, ta shafa man tausasawa mai ruwa-ruwa ta rufe kai da leda ko tawul mai ɗumi na ɗan lokaci, sannan ta bi da mai kaɗan tun gashin yana da laima, musamman a bakinsa. Sabulun salo yana cire maiƙo sosai, amma kaifin tokarsa yana sa gashi kaushi idan aka yawaita. Gwajin jefa silin gashi a kofin ruwa ba abin dogaro ba ne, domin maiƙo kaɗan ya isa ya sa shi yawo a sama. Wanda ya san zaman kitso a tsakar gida zai gane yawancin waɗannan matakai.

Ƙwara ta fita, kwalba ta dawo

Mafi yawan ƙwarar da ke barin Afirka ta Yamma masana'antun abinci take nufa, musamman tun da Tarayyar Turai ta amince a 2000 a sa kitsen tsirrai irin na kaɗanya har kashi 5 cikin 100 a cakulan. Kaso ƙarami ke shiga kayan kwalliya, shi ne ke dawowa Kano da Abuja a kwalba da farashi mai nauyi. A Agusta 2025 gwamnatin tarayya ta hana fitar da ɗanyar ƙwara na wata shida domin a riƙa sarrafa ta a gida, farashinta kuma ya faɗi a hannun masu tsinta.

Ga matan Zagga da maƙwabtanta, mai sayen curin man kaɗe a gida yana da muhimmanci fiye da dā. Idan 'yar birni ta yarda cewa man bai dace da gashinta ba, kasuwarsu ce ke raguwa, alhali abin da ya kamata ta gyara shi ne yawan da take shafawa da lokacin da take shafa shi.