Hanyar Lafiya A Bi Ta Da Shekara: Yadda Fataken Gwanja Ke Komowa Gida Da Ransu

Direban da zai tashi daga Funtuwa zuwa Gusau a yau ba ya kama hanya sai ya tambayi wanda ya fito daga can. Burinsa ya wuce Sheme da 'Yankara, a ƙasar Faskari, da sauran rana, in so samu ne yana bin sahun wasu motoci. Haka mai nufin Sabuwa yake lissafi. Tun kafin daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, mutanen wannan yanki sun san cewa tafiya tana da lokacinta da abokanta. Kakanninsu ma sun san haka, har sun mayar da sanin ya zama tsari mai shugabanni da dokoki, wanda ya yi ƙarnoni yana kai Bahaushe ƙasashen da ba a jin harshensa, ya kuma komo da shi.

Hanyar da ta fi gwada wannan tsari ita ce ta Gwanja, a arewacin Gana ta yanzu. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarki Yakubu (1452–1463) fataken Gwanja suka fara zuwa Katsina. A ƙarni na 19 kasuwar Salaga ce matattara, inda goron dazuzzukan Asante ke haɗuwa da kanwa da tufafi da fatu da gabu na ƙasar Hausa. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi fice a harkar. Ayarin da ya tashi daga Kano ya nufi yamma sai ya ratsa kudancin Katsina kafin ya shiga Zamfara, a zamanin da mayaƙan Maraɗi ke ɓullowa ta dajin Rugu su kai hari. Daga nan a ƙetare Kwara, a ratsa Borgu, wadda ta yi suna wajen 'yan fashi, sannan a gangara Salaga. Tafiyar wata biyu ce zuwa uku, komowa ma haka.

Kariyar farko ita ce zaɓen lokaci. Ba a tashi sai an kawar da amfanin gona, damina ta ɗauke, koguna sun janye. Ta biyu kuwa yawa. A 1826 Baturen nan Hugh Clapperton ya tarar da wani ayarin Hausawa a Kaiama cikin Borgu, yana komowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa maza da mata sun haura 1,000, da dabbobin kaya kwatankwacin haka. Taro irin wannan gari ne mai tafiya, kuma gari ba ya zama sai da masu riƙe shi.

Madugu shi ne uban tafiya, shi ke yanke ranar tashi da hanyar da za a bi, shi ke shiga fada ya gai da sarki. Jagaba yana gaba, yana duba hanya da wurin sauka. Uban dawaki ke tara kuɗin da kowa zai bayar gwargwadon kayansa. Malamin ayari yana jan salla, yana rubuta wasiƙa da lissafi. Tun da asuba ganga ke tayar da mutane, a labta wa jakuna kaya, a yi ta tafiya har rana ta take, sannan a ya da zango inda akwai ruwa da ciyawa. Mata su hura wuta, samari su kai jakuna kiwo, da dare a raba tsaro. A hanyar komowa aiki yana ƙaruwa, domin goro ɗan lele ne: sai an riƙa kwance huhu, a tsince mai sankara, a yayyafa ruwa, a sake naɗewa da ganye. Wanda ya yi sakaci da wannan, ya isa Kano da asarar shekara guda.

Fatake suna riƙe da baka da mashi da takobi, amma gwanintar madugu tana ga iya kauce wa amfani da su. Kowane sarki a kan hanya yana da rabonsa, a bakin kogi kuma akwai kuɗin fito. Madugu ya san nawa aka biya bara, ya san wanda ake wa kyautar riga da wanda ake wa ta kanwa. In sarki ya tsawwala, makamin madugu shi ne ya kauce da ayarinsa zuwa wani gari baɗi. Garin da ayari ya ƙaurace wa ya rasa kuɗin shiga, matansa sun rasa masu sayen abinci. Don haka sarki kansa yake da buƙatar baƙo ya wuce lafiya. In kuma labari ya zo cewa ana yaƙi a gaba, ayari yakan zauna makonni a wuri guda, ko ya yi dogon zagaye. Hanyar lafiya, in ji Hausawa, a bi ta da shekara.

A ƙasar baƙunta kuwa, ginshiƙin tsaro shi ne mai gida. Bahaushe ne ko Musulmin da ya zauna a zango ya san gari, ya ji harshen mutanensa. Shi ke ba falke masauki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an yi ciniki bashi, ya shiga tsakani in rigima ta kai gaban sarki. Abin da yake samu la'ada ce, jarinsa kuwa sunansa. Ranar da ya ci amanar baƙo ɗaya, labari zai riga ayari isa Kano, baɗi ba mai sauka gidansa. Baƙo ko da ido makaho ne, sai ya ari idon wanda cinsa da shansa suka rataya ga lafiyarsa.

Abin da ya kawo ƙarshen hanyar ya fito ne daga wajenta. Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, ikon Asante a kan arewa ya yi rauni, yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fatake zuwa Kete-Krachi da wasu garuruwa. Jirgin ruwa ya fara ɗaukar goro daga Ankara, wato Accra, zuwa Ikko, layin dogo ya iso Kano a 1911. Alhassan Dantata, wanda jinin Agalawa ne, yana cikin waɗanda suka fara bin sabuwar hanyar. Ayari ya mutu, amma unguwannin zango suna nan a Kumasi da Accra har gobe.

Akwai masu kwatanta kuɗin da ƙauyuka ke biya wa 'yan bindiga a yau da abin da madugu ke biya wa sarakuna. Bambancin babba ne. Sarkin da ya karɓi rabonsa yana da gari da kasuwa da sunan da zai tsare, yana kuma fatan ayari ya dawo. Mai garkuwa da mutane matafiyin ne kansa hajarsa, ba abin da zai rasa in hanya ta mutu. Shi ya sa tambayar direban Funtuwa da jerin gwanon motoci, ko da yake gadon fatake ne, ba su isa ba: sun riƙe rabin tsarin, ɗaya rabin kuwa, wato hukumar da ke amsa laifi in matafiyi ya ɓata a ƙasarta, shi ne ya raunana.

Ga ɗan kasuwar da ke hawa jirgi zuwa Guangzhou, ko ɗalibin da ya nufi Alƙahira, tambayoyin madugu ba su tsufa ba: yaushe za a tashi, da wa za a tafi, kuma a can wane ne zai yi asara in baƙo bai komo gida ba.