Abokantakar da Aka Ƙulla a Yadakunya

'Yan'uwa matasa, a shekarar 1988 wani ɗan wasan fim na Amurka, Paul Newman, ya buɗe sansanin hutu domin yara masu ciwo mai tsanani, su yi wasa da waɗanda suka san irin zafin da suke sha. Mu ma a Kano muna da tarihi makamancin wannan, ko da yake namu ba na hutu ba ne.

Daga 1937 mishan ta SIM ta karɓi aikin jinyar kutare a lardunan Kano, Katsina da Sakkwato. Aikin ya zauna a Yadakunya, Babbar Ruga da Amanawa. A cikin majinyatan akwai yara, waɗansu kuwa danginsu na gudun cin tuwo da su a kwano ɗaya. Can suka yi shekaru tare, suna bin layin allurar wani mai, mai zafin gaske, kafin ƙwayar dapsone ta iso wajen ƙarshen shekarun 1940. Aji ɗaya suka koyi karatu. Waɗansunsu da suka warke sun zama ma'aikatan ɗakin magani da masu bishara.

Duk lokacin da na karanta Luka 17 nakan tuna da su: a cikin kutare goman nan har da Basamariye, wanda masu lafiya ba za su zauna da shi ba.

Yau yara masu sikila daga Darmanawa da Gyadi-Gyadi suna haɗuwa a layin Asibitin Malam Aminu Kano, amma da wuya mu gan su a sansanin matasanmu. Ina roƙon kwamitin bana ya zauna da iyayensu kafin a rufe rajista.