Habbatus Sauda: Tarihinta da Abin da Ya Rage Gare Mu

Da wuya a shiga gida a garin nan a rasa habbatus sauda, ko dai ƙwayarta ko manta. Sai dai kaɗan ne daga cikinmu suka san asalinta, balle su taɓa ganin shukarta a gona.

Wannan tsiro ɗan ƙasashen gabashin Bahar Rum ne da yammacin Asiya. Masu tonon kayan tarihi sun sami ƙwayoyinsa a kabarin Fir'auna Tutankamun, wanda aka gano a Masar a 1922, kabarin da ya haura shekara 3,000. Bayan zuwan Musulunci darajarta ta ƙaru, saboda hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira game da falalarta wajen waraka. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ambace ta a littafinsa na likitanci, Al-Ƙanun. A ƙasarmu kuwa, alhazai sun daɗe suna kawo ta tsaraba daga Makka, kafin shagunan magungunan Musulunci su yaɗa ta ko'ina.

Wani abin lura shi ne, a ƙasashen da ake noma ta kayan girki ce ta yau da kullum. Turkawa da Indiyawa na barbaɗa ta a kan burodi, Habashawa kuma na daka ta cikin yajinsu. Mu ne muka taƙaita ta ga jinya. Binciken zamani ya nuna tana ɗan taimakawa wajen rage hawan jini da sukari, amma ba ta maye gurbin maganin asibiti. Duk mai ciwon sukari da ya ajiye allurarsa ya dogara da ita kaɗai, ya yi ganganci da ransa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Manoman Masar da Indiya kan shuka ta da shigowar sanyi, su girbe bayan wata huɗu zuwa biyar. Ba ta son ƙasa mai riƙe ruwa. Ashe wannan bai yi kama da noman alkamar da muke yi a fadama lokacin hunturu ba? Amma har yau saye muke yi da tsada, wani lokacin ma a haɗa mu da gurɓataccen mai.

Shawararmu ga ƙungiya ita ce ta ware ɗan fili a ranin bana, ta nemi malaman gona su jagoranci matasanmu a gwada. In ta karɓi ƙasarmu, mun sami sabuwar sana'a. Allah ya sa mu dace, amin.