Goma Sha Shida na Dajin Mahanga

Ƙasar da ta haɗa Ƙauran Namoda da Zurmi da Shinkafi ta daɗe da sanin yadda ake riƙe sunan jarumi. Garin Ƙaura kansa shaida ne. Namoda, jagoran Alibawa, yana cikin mayaƙan jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da suka ci Alƙalawa a 1808, kuma har yau duk yaron motar da ya kira lodi a tashar Gusau sai sunan nan ya fito daga bakinsa. Da layin dogo ya iso daga Zariya a 1929, sai sunan ya hau tikitin jirgi ya shiga duniya. Wannan ne ya sa ni, ɗan Shinkafi, nake tambayar kaina: me ya sa ƙasar da ta adana sunan mayaƙin da ya rayu shekaru ɗari biyu da suka shuɗe ta kasa adana sunayen waɗanda suka faɗi jiya suna tsaronta?

Ranar Alhamis, 29 ga Nuwamba, 2018, 'yan sanda suka kutsa dajin Mahanga a ƙaramar hukumar Birnin Magaji, maƙwabciyar Ƙaura, domin tarwatsa sansanin 'yan bindiga. Sanarwar farko da rundunar ta fitar ta ce an kashe ɓarayi 104, an kuma rasa ɗan sanda guda. Bayan 'yan kwanaki sai aka fito da lissafi na biyu: 'yan sanda 16 ne suka rasu, an ceto 20 da ransu. Tsakanin sanarwar farko da ta biyu akwai gidaje goma sha biyar da suka kwana suna sauraron ƙarar waya, ba su san ko maigida yana raye ko ya cika ba. Abin da ya rage a bakin jama'a daga wannan rana shi ne adadi.

Haka ta sake faruwa ranar Lahadi, 18 ga Yuli, 2021, kwana biyu kafin Babbar Sallah, lokacin da aka kashe 'yan sanda 13 a Kurar Mota, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu. A wannan ranar ce kuma aka harbo jirgin yaƙin sojan sama a sararin Zamfara, matuƙinsa Abayomi Dairo ya tsira da ransa, ƙasa baki ɗaya ta haddace sunansa, kuma ya cancanci haka. Su kuwa mutum goma sha uku, aka yi musu salla, aka kai su makwanci, layya ta zo ta rufe zancensu. Ko manyan hafsoshi ba su tsira daga wannan mantuwa ba. Mataimakin kwamishina Aminu Umar, kwamandan shiyyar Dutsin-Ma a Jihar Katsina, ya faɗi a wani kwanton ɓauna a yankin Safana ranar 5 ga Yuli, 2022, a daren ranar kuma aka fasa gidan yarin Kuje, labarin da ya danne nasa.

A ganina, tushen wannan sanyin makoki yana cikin tarihi. Kafin zuwan Turawa, dogari ne hannun sarki, shi ke kamu, shi ke zartar da hukunci. Da Turawan Ingila suka shimfiɗa mulkinsu ta hannun sarakuna, sai suka bar dogarai, daga baya aka tsara 'yan doka a ƙarƙashin En'e. Talaka ya san ɗan doka ne ranar karɓar haraji, Bafulatani ya san shi ranar ƙidayar jangali, 'yan NEPU kuma suka san kulkinsa a shekarun 1950. A gefe guda, gwamnatin mulkin mallaka ta haɗe rundunonin Kudu da Arewa a 1930 ta kafa rundunar 'yan sandan Nijeriya. Bayan juyin mulkin 1966, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta rushe 'yan doka ta narkar da su cikin rundunar tarayya, sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 kuma ya tabbatar da cewa runduna ɗaya tak ƙasa za ta mallaka. Saboda haka ɗan sanda ya gaji abu biyu masu nauyi: tsoron da kakanninmu suka yi wa ɗan doka, da baƙuntar wanda aka turo daga nesa. Sau da yawa wanda ya mutu a dajinmu ba ya da dangi a garinmu, gawarsa takan kama hanyar wata jiha, kukan mutuwarsa a can ake yin sa.

Adalci ya tilasta mini in faɗi ɗaya ɓangaren. Duk wanda ya bi hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ta Moriki ya san shingen bincike da hannun da ake miƙowa a karɓi na goro. Akwai waɗanda aka tsare ba da hakki ba, akwai ƙauyukan da suka yi ta kiran agaji har gari ya waye. Waɗannan ƙorafe-ƙorafe gaskiya ne, kuma makoki ba ya wanke su. Sai dai Bahaushe ya ce ba a taru aka zama ɗaya ba. Kurtun da aka ajiye a bakin dajin Dumburum ko Sububu, da harsashi ƙidayayye, yana fuskantar ayarin babura masu goyon mutum bibbiyu da uku-uku, yana da damar ya tuɓe kaki ya shige cikin dawa. Wanda ya tsaya har ajali ya riske shi ya biya da abin da babu mai iya mayar masa. Idan muka haɗa shi da mai karɓar na goro muka yi musu kuɗin goro, mun zalunci mamaci, mun kuma koya wa na raye cewa tsayawa da gudu ladansu ɗaya.

Mu da muka ga watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara aka kuma rufe kasuwannin mako, mun san abin da tsaro yake nufi. Kasuwar Shinkafi, wadda fatake ke zuwa ci daga Isa da Sabon Birni har da ƙetaren iyakar Nijar, ta yi tsit. Manomi ya bar gonarsa ta nesa, mai haƙuri da ciwo ya fasa zuwa asibitin Gusau. Duk ranar da motar haya ta fita ta dawo lafiya, akwai wani mai kaki da ya yini a rana dominta.

To, wace irin karramawa ce ta dace? Addini da al'ada sun tsara nasu ɓangaren: wanka da sutura da salla, zaman makoki na kwana uku, takabar wata huɗu da kwana goma. Bayan an naɗe tabarmi, sai nauyi ya koma kan hukuma. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa kowane mai ɗaukar ma'aikata ya yi musu inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Karramawa ta farko ita ce wannan hakki ya isa hannun magada da wuri, kafin marayu su bar makaranta, ba tare da uwarsu ta ƙarar da ɗan abin hannunta a zirga-zirgar ofisoshi ba. Ta biyu ita ce a faɗi gaskiyar adadi tun ranar farko. Ta uku ita ce suna.

Sojoji suna da ranar 15 ga Janairu ta tunawa da mazan jiya, kuma a 2024 Shugaba Bola Tinubu ya ayyana 7 ga Afrilu a matsayin ranar 'yan sanda ta ƙasa. Mu ma muna da abin yi da ba ya jiran Abuja. Masarautun Ƙaura da Zurmi da Shinkafi da Birnin Magaji za su iya buɗe kundi a rubuta sunan kowane ɗan sanda da soja da askari da ya faɗi a ƙasarsu, da garinsu, da ranar rasuwarsa. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura za su iya tattara bayanan tun shaidu suna raye. Limamai kuma su ambace su a addu'ar Juma'a, a sa wa wasu tituna da azuzuwa sunayensu. Ranar da ɗan ɗaya daga cikin goma sha shidan nan zai girma ya zo neman inda mahaifinsa ya faɗi, ya kamata ya tarar da mutanen da suka san sunan, su riƙe hannunsa su kai shi ya gani a rubuce.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya raya abin da suka bari, Ya kuma dawo wa ƙasar Zamfara da zaman lafiya.