Gicciye a Gaban Alƙali: Nazarin Koken Tsangwamar Kiristoci a Birtaniya ta Fuskar Shari'ar Eweida

Tsakure

Wannan maƙala ta auna koken da wasu Kiristocin Birtaniya ke yi, cewa doka ta juya masu baya, da hukuncin da Kotun Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta yanke ranar 15 ga Janairu, 2013. An bi ƙararraki huɗu da kotun ta haɗa wuri guda. Binciken ya nuna cewa abin da ya raba gardama shi ne ko akwai wanda zai cutu, ba addinin mai ƙara ba.

Gabatarwa

A tsarin mulki, Kiristanci na da gata a Ingila. Sarki ne shugaban Cocin Ingila, kuma bishop-bishop 26 na da kujeru a majalisar dattawa. Sai dai jama'a ta sauya. A ƙidayar 2001, kusan kashi 72 cikin ɗari na mutanen Ingila da Wales sun ce su Kiristoci ne. A 2011 adadin ya sauko zuwa 59, a 2021 kuma 46. A cikin wannan raguwa ne koken ya yi ƙarfi.

Ƙararrakin

Nadia Eweida ma'aikaciyar British Airways ce mai tantance fasinjoji. A 2006 aka tura ta gida ba albashi saboda ta ƙi ɓoye ɗan gicciyen da ke rataye a wuyanta, alhali kamfanin ya yarje wa Musulmai hijabi, mabiya addinin Sikh kuma rawani. Kotunan Birtaniya duk sun kayar da ita. A kotun Turai da ke Strasbourg alƙalai biyar cikin bakwai suka ce an take mata haƙƙin addini da Sashe na 9 na Yarjejeniyar Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ya ba ta, aka yanke mata diyyar yuro 2,000. Hujjarsu mai sauƙi ce: abin da kamfanin ke karewa kwarjinin yunifom ne kawai, kuma shi da kansa ya sassauta ƙa'idar a 2007 ba tare da ya yi asarar komai ba.

Shirley Chaplin, ma'aikaciyar jinya, ita ma gicciye ne ya kai ta kotu, amma ta faɗi. Asibiti ya ce majinyaci na iya fizgar sarƙar, ko gicciyen ya taɓa buɗaɗɗen rauni. Gary McFarlane, mai ba ma'aurata shawara, da Lillian Ladele, jami'ar rajistar aure a Islington, sun faɗi saboda matsayinsu kan yi wa masu jinsi ɗaya aiki.

Tattaunawa

Masu koken kan ƙirga uku da suka faɗi, su tsallake wani sauyi babba. A da, ana ganin ma'aikacin da aiki ya ci karo da addininsa na iya ajiye aikin, shi ke nan 'yancinsa bai taɓu ba. Hukuncin 2013 ya ce damar barin aiki ba ta kashe magana. Abu ɗaya ce cikin abubuwan da za a auna. Wannan riba ce ga duk mai addini, ciki har da Musulmin Birtaniya.

Ko a cikin coci ba a yi baki ɗaya ba. A 2010 Lord Carey, tsohon Akbishop na Canterbury, ya nemi a ware alƙalai masu fahimtar addini don irin waɗannan shari'u, Mai Shari'a Laws ya yi watsi da buƙatar. Amma rahoton da ƙungiyar Kiristocin majalisa ta fitar a 2012 ya ƙi kiran lamarin tsanantawa, ya fi ɗora laifi kan jahiltar addini a hukumomi.

Inda koken ke da gindi sosai, a ganin wannan nazari, shi ne batun Ladele. McFarlane ya shiga aiki yana sane da manufar ma'aikatarsa. Ita kuwa tana kan kujerarta dokar zaman tare ta masu jinsi ɗaya ta fara aiki a Disamba 2005, wato aikin ne ya sauya ya same ta. Da farko takan yi musayar aiki da abokan aikinta, kuma ba a nuna an hana kowa rajista ba. Wasu ƙananan hukumomi sun bar ma'aikatansu su janye, Islington ta ƙi. Mafi rinjayen alƙalai sun bar wa ƙasa ikon zaɓi tsakanin haƙƙoƙi biyu masu karo da juna, amma biyu daga cikinsu, Vučinić da De Gaetano, sun saɓa, suna ganin lamirinta aka tursasa.